Sunan da Na Kasa Kira a Makka

Gafasa, ta Ajingi.

Zuwa ga yayan su Habiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar shirin tafiya, ina gaida maiɗakinka da jikokina duka. Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Allah Ya tsare ku a sama da ƙasa, Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku kamar yadda za ku tashi, ku goma sha shida, ba a rasa ko ɗaya ba.

Na san za ka yi mamakin takarda daga wurina, alhali tsakanin Gafasa da Gaya ba wata tazara ba ce, ga waya kuma a hannun kowa. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari. Tun da na haife ka ban taɓa zama na dube ka na yi maka doguwar magana ba, ban taɓa kiran sunanka ba, haka muka taso muka tarar. Ko ranar Asabar da ka zo sallama, me na ce maka? "Allah Ya kiyaye hanya." Na juya na ci gaba da tankaɗe, maganar kuwa tana nan cike da cikina. Shi ya sa na ɗauko bokon da na koya a ajin manya a Ajingi, wanda kuke yi mini dariya a kansa. Kwana huɗu ke nan ina rubutun nan, idona ya gaji, bayana ya ƙage. Inda ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri da tsohuwa.

Wannan ne karo na farko da aka ba ka jagorancin mutane zuwa ƙasar waje, kuma cikinsu har da babanka. Saboda shi nake rubutu. Mutum ne mai ciwon suga, kunnensa na hagu ya mutu tun shekarar da bijimin sa ya tunkuye shi. Bai taɓa cin abinci a gabanka ba, bai taɓa ce maka ya gaji ba, kai ma ba ka taɓa tambayarsa ba. A haka za ku shiga taron da ba ku taɓa ganin irinsa ba. Ni na yi irin wannan tafiya da Dada, kakarka, kuma abin da aka gaya maka game da ƙafarta ba shi ne duka ba.

Maiɗakinka ta kunna mini muryoyin da ake ta turawa a guruf ɗinku na waya. Na ji gardamar da ake kan birnin da za a tsaya ban da Makka da Madina. 'Yan kasuwar Gaya sun kafe sai Dubai. Malaman nan biyu na Kademi suna son Alƙahira, wai su ga manyan masallatai su sayo littattafai. Samari kuma Santambul, saboda finafinan da suke kallo. Har wani mai ƙarfin hali ya ce a haɗa duka ukun, tunda an riga an fita. Na ji ka ce za a bi ra'ayin mafi yawa. Sannan na ji ka ce ka tambayi Baba, ya ce duk yadda aka yi daidai ne. A nan na ce ta kashe wayar, don maganar Dada ce wannan, ko kalma ɗaya ba ta canja ba.

Mu a lokacinmu mu goma sha ɗaya ne, mata tara, maza biyu, Alhaji Sale na Kademi ne jagora, Allah Ya jiƙansa. Kai kana ajin farko na sakandare. Jirginmu ta Alƙahira zai bi, sai Alhaji Sale ya tara mu a zaurensa ya ce ko mu wuce kai tsaye, ko mu sauka mu kwana biyu mu ga gari. Ni ce na fi kowa zaƙewa. Na sha jin labarin mayafai da tangaran na can, ina so in dawo Gafasa a riƙa cewa matar Malam har Misra ta je. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya na zuga su. Da aka zo kan Dada, Alhaji Sale ya ce, "Dada, ke fa, me kika gani?" Kanta a sunkuye tana jan carbi, ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Na ji daɗi a raina, na ce ta yarda.

Alƙahira gari ne da ba ya tausayin tsoho. Motoci ba sa tsaya wa mai tsallaka titi, sai dai ka yi ta maza ka kutsa. Ɗakinmu a hawa na biyar yake. Dada ta ga lif, akwatin nan da ke hawa da mutane sama, ta ƙi shiga. Ba ta ce tsoro take ji ba, cewa ta yi ƙafarta tana son motsi. Ta hau bene ta sauka, ta sake hawa ta sake sauka, ga yawon kasuwa da na ja ta tun safe har la'asar, don ba zan iya barin suruka a ɗaki ita kaɗai ba kar a ce na yi rashin kunya. Kafin mu isa Madina ƙafarta ta kumbura, silifas ɗinta ba ya shiga sai da ƙyar. Ƙarfin da ta shekara tana tarawa don ibada, ni na ƙarar mata da shi a kasuwar mayafai. Tangaran ɗin ma rabinsu sun farfashe kafin mu sauka Kano.

Saboda haka in za ka zaɓi gari, kada ka ƙidaya hannuwan da aka ɗaga, ka dubi ƙafafun mutanenka. Wanda ya fi kowa rauni shi zai zaɓa muku, ko da bai buɗe baki ba. Ku fara da ibada tun da sauran ƙarfi a jiki. In an gama, gari ɗaya ya isa, ba uku ba. Ni ban ga Dubai ba, ban ga Santambul ba, an dai ce mini kasuwannin ɗaya tafiya ce mai tsawo, ɗayan kuma hawa da gangara ne. Kai da kake da waya ka bincika: daga masauki zuwa masallaci taku nawa ne, akwai bene, akwai wurin zama a hanya? Masu son kasuwa su je kasuwarsu su dawo, a bar tsofaffi da wanda zai zauna da su. Za su yi maka gunaguni. Gunagunin 'yan kasuwar Gaya bai taɓa kashe kowa ba.

Kuskurena na biyu a ɗaki na yi shi. Alhaji Sale ya haɗa ni ɗaki ɗaya da Dada, a ganinsa wa ya fi ni cancantar kula da ita. Ya manta cewa tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa kai loma baki a gabanta ba, ita ma haka. In aka kawo abinci sai in ajiye mata nata, in ɗauki nawa in tafi ɗakin su Hajiya Ladi, matar Ajingin nan mai sayar da man gyaɗa, mu ci muna hira. In na dawo na tarar da kwanon a rufe, sai in fitar da shi ban buɗa ba. Buɗa kwanon suruka a ga abin da ta ci, ai abin kunya ne. Ashe abincin nan na wake da burodi da ganyayyaki ɗanye ba ya shigar mata. Garin furar da babanka ya ƙulla mata kuwa yana can ƙasan jakata, na danne shi da mayafai na manta.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ruwa. Banɗakin otal na zama ne, ga wata igiyar ruwa a gefe, ba buta. Dada ba ta san yadda ake yi da shi ba, kuma ba ni za ta tambaya ba. Sai ta yanke wa kanta shawara ta rage shan ruwa don kada ta buƙace shi. A zafin ƙasar nan, tsohuwa tana kurɓa ɗaya biyu ta ajiye kofi. Ni kuwa ina gani ina cewa a raina, kai, Dada akwai juriya. Sai bayan abin da ya faru ta gaya wa Hajiya Ladi, ita ta gaya mini.

Babanka ɗan Dada ne, duk halinta ya kwaso. Ka saya masa buta tun daga Kano. Ranar da kuka sauka, ka tara maza tsofaffin duka ka shiga banɗaki ka nuna musu komai, kamar kana yi wa kowa bayani, kada ka dubi inda yake. Ka ce likita ya ce kowa ya shanye gora kaza a yini, ka riƙa duba tasa. Maganinsa safe da yamma ne, kuma sai ya ci abinci. In ba zai ci a gabanka ba, ka ajiye masa ka fita, amma in ka dawo ka buɗe kwanon. Na ce ka buɗe kwanon. In ka ga yana shafa kansa da tafin hannu yana kallon ƙasa, sugan ne ya sauka, ka ba shi dabino, kada ka tsaya tambaya. Na saka garin fura a farin buhun da ke cikin jakarsa, a sama na ajiye shi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na kwana huɗu ina kewaye-kewaye.

Kwananmu na uku a Makka muka yi sallar azahar a Harami, ni da Dada da Hajiya Ladi. Dukanmu mun ɗinka ankon atamfa shuɗiya don mu gane juna, Dada kaɗai ta ce launin ya yi mata yarinta, ta yafa farin mayafinta, ni kuma na ji nauyin in matsa mata. Da aka idar, Hajiya Ladi ta ce mu leƙa shagunan da ke bakin titi. Ban ma yi wa Dada magana sosai ba, na dai ce, ina kallon gefe, "Bari mu je mu dawo." Ta ce to. Mun daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba. Muna can masu wanke daɓe suka zo suka tashi mutanen wurin. Takalmanta kuma suna cikin ledar da ke hannuna.

Da muka dawo ba ta wurin. Na waiga, na hango ta. Wallahi na hango ta, tsakaninmu bai fi daga ƙofar gidanmu zuwa rijiya ba, tana bin mutane za ta fita ta wata ƙofa da ba tamu ba. Na ɗaga murya na ce, "Dada!" Hayaniya ta cinye. Na ce, "Inna! Hajiya!" Mata wajen goma suka waigo, ban da ita. A wurin nan kowace tsohuwa Hajiya ce. Na san da na ƙwala sunanta na yanka da ta waigo, don mutum yana jin sunansa ko a tsakiyar kasuwa. Sunan ya zo har bakina. Sai na tuna ni ce matar ɗanta, ga Hajiya Ladi a gefena za ta kai labari Ajingi. Na rufe baki na ce bari in cim mata da ƙafa. Kafin in kutsa, fararen mayafai sun haɗe da juna.

Muka je wurin da ake cigiyar waɗanda suka ɓata. Akwai wani Bahaushe mazaunin can yana yi wa mutane tafinta. Ya ce, "Hajiya, mene ne sunanta kamar yadda yake a fasfo?" Na sunkuyar da kai na taɓa Hajiya Ladi, wai ita ta faɗa. Ta ce, "Dada ake ce mata, Dada ta Gafasa." Ya ce, "Wannan ba suna ba ne. Ke surukarta, ba ki san sunanta ba?" Na ce jagoranmu ne ke riƙe da fasfo. Gaskiya ne, fasfunanmu duka suna aljihun Alhaji Sale, shi kuma ya tafi Jidda tun safe kan maganar jirgin komawa. Amma na san sunan. Na tsaya a gaban mutumin nan da sunan a bakina, ina kuka, ban faɗa ba. Na ce a raina ai yanzu za a gan ta, me zai sa in zubar da mutuncina. Sai washegari da Alhaji Sale ya dawo aka rubuta cigiya yadda ya kamata.

A rana ta uku da ɓatanta aka same ta a wani ƙaramin asibiti. Ta fita kan kwalta da tsakar rana ba takalmi, ta yi ta tafiya tana neman otal ɗin da ba ta san sunansa ba, har ta faɗi. Tafin ƙafarta duka biyu ya saɓule, an naɗe su da bandeji. Leɓenta ya tsage. Da na shiga na durƙusa a bakin gadon, ka san abin da ta fara ce mini? Cewa ta yi, "Kin ci abinci kuwa? Duk kin rame." Daga nan ba ta sake taka ƙasa ba sai da sanda. Ba ta sake zuwa gonarta ta gyaɗa ba, ba ta sake kai nono kasuwar Ajingi ba, har damina ta biyu da Allah Ya karɓi abinsa. Kai ka sha kama ta zuwa rana da safe, ka tuna.

To ka ji. Kowane mutum cikin goma sha shidan nan ka rataya masa kati a wuya da sunansa na yanka, da sunan masauki, da lambarka. Kada ka kwashi fasfunan mutane ka tafi wani gari da su. Kowa ya riƙe takalminsa da kansa. Ka riƙa tafiya a gefen babanka na dama, inda kunnen ke ji, ba a bayansa ba irin tafiyar ladabi da kuka saba. In ya ce, "Ku yi gaba, ina tafe," kada ka yi gaba. Wajen ɗawafi ka nemo masa keken da ake tura marasa ƙarfi. Zai ƙi, zai ɓata rai. Ka ce ni na ce, ka tura shi da hannunka. Ka kuma tuna in maza suka ɗaura harami ba riga ba hula, farin ƙyalle biyu ne a jikin kowa, hular nan tasa da kake gane shi da ita daga nesa tana cikin jaka.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shirun da na yi. Da muka dawo gida Dada ta ce wa kowa ita ta bi wata ƙofa da kanta. Mutane kuwa suka ɗora wa Alhaji Sale, aka ce ya watsar da tsohuwa ya tafi harkar gabansa. Daga shekarar ba wanda ya sake ba shi jagoranci a Gaya ko Ajingi. Ina ji ana zaginsa a gidan biki, ina zaune, ban ce uffan ba. Ya rasu ban nemi gafararsa ba, kuma wannan yana cikin abin da ya hana ni sukuni. Kai ma yanzu kujerarsa ka hau. Ka sani mutanenmu ba za su gaya maka gaskiyar halin da suke ciki ba, in abu ya lalace kuma kai za a nuna. In kai ka yi kuskure, ka faɗa tun da zafinsa. Da na sani ƙeya ce, ni na ɗauki tawa shekara ashirin da ɗoriya, na gaji da ita.

Jiya bayan la'asar babanka yana gyara turken akuya, na je na tsaya a bayansa na gaya masa duka, tun daga Alƙahira har bakin gadon asibiti. Bai juyo ba. Ya ƙulla igiyarsa ya gama, sannan ya ce, "Na sani. Dada ta gaya mini kafin ta rasu." Na ce, "Malam, ka sani, shekarun nan duka?" Ya ce, "Ta ce kada in nuna miki. Ta ce da ita ce a tsaye a wurinki, ita ma da ba ta kira ba." Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci. Na zauna a kan turmi na yi kuka har Habiba ta kira ni a waya ban iya ɗauka ba. Dubi yadda muke. Gida ɗaya, shi yana riƙe da maganar don kada in ji kunya, ni ina riƙe da ita don ina jin kunya.

Ba cewa nake kunya ba ta da kyau ba. Ita ta riƙe gidanmu, da ita na tarbiyyantar da ku. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ajiye ta a filin jirgin Kano, in kun dawo ka ɗauki abarka, ba wanda zai taɓa maka ita. In Allah Ya jarrabe ka da abin da Ya jarrabe ni, ka hango bayan babanka yana bin wata ƙofa, kada ka ce Baba, kada ka ce Alhaji, kada ka ce Malam. Akwai dubunsu a wurin. Ka buɗe maƙogwaro ka kira sunansa na yanka, ko da mutanen Gaya da Ajingi duka suna tsaye suna jinka. Na san za ka ce ba za ka iya ba. Shi ya sa zan fara yi maka.

Sunan Dada Asma'u. Sunan babanka Adamu. Shekara arba'in da ɗaya ina gidansa ban furta ba, yau ga shi na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo mini ba.

Allah Ya tsare ku daga ɓata da ciwo da sharrin hanya. Allah Ya karɓi ibadarku, Ya ba ka haƙuri da mutanen da ka ɗauka. In ka isa gaban Ɗakin Allah ka roƙa wa Dada rahama, ka roƙa wa Alhaji Sale, ka roƙa mini gafarar abin da na yi musu. Ban ce ka sayo mini mayafi ba, ban ce tangaran ba.

Sulaimanu, ɗana, ka dawo mini da babanka da ƙafafunsa.

Wassalam.
Mahaifiyarka.